Dakta Ya Sha Sitati

Shekara tara Dakta ya yi yana binciken tururuwa. Ba ma tururuwar gaba ɗayanta ba, tafiyarta kawai: yadda take jeruwa a layi, wacce ke gaba, wacce ke baya, da dalilin da ya sa ba a taɓa ganin cunkoso a bakin raminta ba. A kan wannan aka ba shi digirin digirgir. Kundin da ya rubuta shafi ɗari shida ne, mutum uku ne suka karanta shi a duniya, biyu daga cikinsu kuma dole ce ta sa su, don su ne suka yi masa jarrabawa. Tun daga ranar ya hana kowa kiran sunansa. Matarsa nas ce a asibiti, kullum tana tare da likitocin gaske, amma in ta ce "Maigida" sai ya yi kunnen uwar shegu, sai ta ƙara da "Dakta" sannan ya waiwayo.

Yana nan yana koyarwa a jami'a, yana hawa tsohon babur ɗinsa mai tari kamar ɗan taba, sai wata rana wani tsohon ɗalibinsa ya zo gaishe shi. Ɗalibin nan sau biyu Dakta yana kayar da shi a jarrabawa. Ga shi yau ya fito daga wata baƙar mota mai sheƙi, har Dakta na ganin furfurarsa a jikin ƙofarta.

"Kai kuwa me kake sayarwa?" in ji Dakta.

"Shawara, Malam. Kamfanoni ke kirana in duba musu inda aikinsu ke ciwo. Sai in zauna da ma'aikata mako biyu ko uku in ji ta bakinsu, in rubuta a takarda mai kyau, in karanta wa mai kamfani."

Dakta bai ji tsakiyar maganar ba, don idonsa na kan tayar motar. Farko da ƙarshe kawai ya kama: a kira ka, ka karanta takarda. Kafin mako ya zagayo ya ajiye aikin jami'a.

Matarsa ta ajiye cokalin da ke hannunta ta dube shi. "Dakta, ka taɓa riƙe ko da teburin mai sayar da ashana ne?"

"Mutumin da ya gano yadda tururuwa dubu ɗari ke tafiyar da mulkinsu, ma'aikata ashirin ne za su gagare shi?"

"Tururuwa ai ba ta mayar da magana."

"Shi ya sa ta ci gaba," in ji Dakta, ya yi mata wani kallo.

Ya fara da wani babban kamfanin ba da shawara mai hawa bakwai. Mutum uku suka zaunar da shi a gaban dogon tebur, wata mata mai tabarau ta ce, "Ga kamfanin sabulu, cinikinsa ya faɗi. Me za ka fara dubawa? Kana da minti biyar."

Dakta ya gyara zama ya yi gyaran murya. "Kafin mu ce ciniki ya faɗi, sai mun yarda da juna a kan ma'anar faɗuwa. Masana sun kasu gida huɗu."

Bayan minti arba'in yana kan gida na biyu. Ɗaya daga cikin mutanen ya fita shan ruwa bai dawo ba. Matar ta miƙe ta ce sun gode, za su neme shi.

"Ai ban ma shigo maganar sabulun ba!" in ji Dakta.

"Mun lura," in ji ta.

Da ya dawo gida ya ce wa matarsa, "Tsorona suka ji. Sun san in na shiga, cikin wata uku kujerar shugabansu ta zama tawa."

Saboda haka ya buɗe nasa. Ya share garejin gida, ya sa tebur da kujera mai juyawa, ya kafa allo a bakin titi: CIBIYAR DAKTA TA GYARAN KAMFANONI, GIDA DA WAJE. A tsallaken titin akwai mai aski da mai faci, waɗanda ba abin da ke wucewa a layin nan ba su yi masa sharhi ba. Mai faci ya karanta allon da ƙarfi ya ce, "Gida dai mun gani. Wajen ne ban gane ba."

"Ai ga shi nan," in ji mai aski. "Allon a waje yake."

Mako uku Dakta na juyi a kujera. Mutum biyu ne suka shigo. Na farko ya zo da kumburarren kunci yana neman a cire masa haƙori. Ta biyun tsohuwa ce da ta ga an rubuta gyara, ta kawo fankarta da ta daina juyawa.

Matar Dakta ta ga abin ba na ƙarewa ba ne, ta tafi wurin yayanta. Yayan nata yana da gidan wanki da guga a ƙarshen layin, shekara ashirin yana riƙe da shi: injin wanki biyu, ma'aikata shida, da kwangilar wankin wani otal wadda ita ce ƙashin bayan gidan. Ranar Asabar mai zuwa manajar otal ɗin za ta zo ta duba wurin kafin ta sabunta kwangilar. Shi kuma tafiya ta kama shi, zai je ɗauko sabon inji, sai ranar zai dawo.

"Yaya, ka taimaka ka ba shi wani abu ya yi," in ji ta. "Jiya na same shi yana yi wa kyanwa bayanin tsarin shugabanci."

Yayan ya kira Dakta ya ce, "Ka zagaya ka duba, ka rubuta abin da ka gani. Dubawa kawai. Kada ka taɓa komai."

"Yaya, ka tafi da kwanciyar hankali," in ji Dakta. "In ka dawo ba za ka gane wurin nan ba."

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ranar Litinin da sassafe Dakta ya bayyana a gidan wankin da kwat, da agogon auna gudu a wuya, da usur a baki. Ya auna minti nawa ake jiƙa riga, minti nawa ake matse ta, har Dogo mai shanya da ya shiga bayi sai da ya fito ya tarar an rubuta masa minti shida da daƙiƙa goma sha ɗaya.

Wanda ya fi ɗaga wa Dakta hankali shi ne tsohon da ke karɓar kaya a kanta, wanda kowa ke kira Baba Sitati. Tun ranar da aka buɗe gidan yake nan. In an kawo kaya sai ya warware su ɗaya bayan ɗaya, ya duba aljihu, ya tambayi mai kayan lafiyar iyali, sannan ya ɗauki allura ya yi ɗan ƙulli da zare a cikin kalmasa. Jan ƙulli biyu na lauya ne, kore ɗaya na direban tirela, haka kowa da nasa.

"Minti huɗu a kan mutum ɗaya!" in ji Dakta. "Baba, ina littafin da aka rubuta ma'anar waɗannan ƙulle-ƙullen?"

Baba ya ɗora yatsa a goshinsa.

"To in ka mutu fa?"

"In na mutu, ɗana, ranar ai rufe shago za a yi a zo a raka ni."

Ranar Talata Dakta ya zo da gwangwanin fenti. Ya ce matsalar gidan nan ita ce kowa na tafiya inda ya ga dama, alhali tururuwa hanya ɗaya take bi, ba ta komawa da baya. Ya zana kibiyoyi a ƙasa tun daga kanta, ta ɗakin inji, ta wurin guga, ta ƙofar baya, a zagaye ginin ta bakin titi, a sake shigowa ta gaba. Duk wanda ya taka saɓanin kibiya, usur.

Tsakanin bahon ɗauraya da igiyar shanya taku uku ne, amma kibiyar ba can ta nufa ba. Sai ga Dogo ya fito bakin titi da baho a ka, ruwa na zuba masa a wuya, ya wuce gaban mai aski, ya koma ciki. Can sai ga shi kuma. Da ya fito karo na tara mai aski ya ce, "Dogo, lafiya? Ko talla aka ɗora maka?"

"Ci gaba ne," in ji Dogo. "Haka Dakta ya ce sunansa."

Kafin azahar mai guga ya ɗora dutsen guga a kan farar riga ya matsa ɗauko ruwan yayyafi. Da ya juyo zai koma, Dakta ya busa usur ya nuna masa kibiya. Bawan Allah ya zagaye gini da gudu, ya dawo ya tarar da hoton dutsen guga a bayan rigar, baƙi ƙirin, har da hayaƙi.

"Laifin gudunka ne," in ji Dakta, yana rubutawa. "Za mu shirya muku horo."

Ranar Laraba ya yi abu uku, kowanne ya fi na gabansa. Na ɗaya, ya ba Baba Sitati hutun dole, don agogo ya nuna shi ne ya fi kowa nawa. Baba bai yi musu ba. Ya ɗauki allurarsa da zarensa ya ce, "Shekara ashirin ban huta ba. Allah ya saka da alheri." Na biyu, ya sa aka bi duk kayan da ke gidan da almakashi aka tsinke ƙullin zaren, don kada a koma gidan jiya, aka maƙala wa kowane kaya 'yar takarda mai lamba. Na uku, ya kawo sikeli. Ya ce raba wanki fari daban, mai launi daban, al'ada ce kawai da ba ta da tushe a ilmi. Daga yau da nauyi za a riƙa rabawa, kowane zubi kilo goma sha biyar cif, inji ya ci daidai cikinsa.

Dogo ya ɗaga wata jar riga daga cikin rigunan 'yan ƙwallon unguwa ya ce, "Dakta, waɗannan fa suna zuba. Ga zanen gadon otal a ciki."

"Kai da ni wa ya yi digiri uku?"

"Kai ne."

"To zuba."

Dogo ya zuba, ya ja da baya kamar wanda ya kunna wa bam wuta.

Ranar Alhamis aka baje wankin. Takardun lamba sun narke sun zama dusa, sun manne a jikin kaya kamar an tauna an tofa. Ba riga ɗaya da za a ce ga mai ita. Zanen gadon otal guda sittin, da tawul, da fararen rigunan masu dafa abinci, duk sun koma ruwan hoda. Rigunan 'yan ƙwallo kuwa sun koɗe sun zama kalar da ba ta da suna.

Ma'aikata suka yi cirko-cirko. Dakta ya daure ya ɗaga zane ɗaya ya duba shi a rana.

"Madalla," ya ce. "Bincike ya nuna wannan launin yana sa baƙo barci mai nauyi. Wasu otal ɗin kuɗi suke kashewa su samu haka."

Da aka shanya su a igiya, layin gaba ɗaya ya fito kallo. Mai faci ya ce, "Garin gyaran gira dai." Mai aski ya ce, "Wane ido kuma? Ai har kan ya tafi."

Da yamma matarsa ta tare shi a ƙofar gida. "Dakta, labari ya iso har asibiti. Ka je ka ba Baba haƙuri ya dawo tun kafin Yaya ya sauka."

"In koma wurin mai allura? Ni? Matsalar rabon kaya ai lissafi ce, kuma lissafi gidana ne."

Ranar Juma'a ya wuni a kan lissafin. Yana da takardar da ta nuna kaya nawa kowa ya kawo: wane riga biyu da wando uku, wance zane huɗu. Ya sa aka auna ƙugun kowane wando da faɗin kowace riga, ya tara, ya raba, ya fitar da matsakaici. Sannan ya ƙulla wa kowa adadin kayansa daidai, ba ragi ba ƙari, aka zuba a leda aka jera. Ya kuma sa aka rubuta ƙyalle aka rataya a ƙofa: SABON TSARI! KARƁI KAYANKA CIKIN MINTI ƊAYA! Ya aika wa duk masu kaya saƙo su zo gobe ƙarfe goma, lokacin da manajar otal za ta zo, don ta gani da idonta.

Abu ɗaya ya manta. Tun ranar Laraba, don ya nuna ya yarda da tsarinsa, ya zuba kwat ɗinsa uku da duk wandunansa na kirki a wankin. Yanzu suna cikin ledojin nan, Allah kaɗai ya san na wa. Da safiyar Asabar ya buɗe durowa ya tarar ba komai sai singileti da wandon motsa jiki. Sai ya jawo akwati daga ƙarƙashin gado ya fito da rigar digirinsa, doguwa mai faɗin hannu, da hularta mai tuntu.

"Haka za ka fita?" in ji matar.

"Ranar ilmi ce. Dole a ga ilmi."

Ƙarfe goma ƙofar gidan wanki ta cika. An jera kujeru, an kawo lasifika. Manajar otal ta sauko daga mota, mace ce gajera mai kaifin ido, da 'yar jaka a hammata. A daidai lokacin Yaya ya sauka daga motar da ta ɗauko sabon inji, ya ga ƙyalle, ya ga kibiyoyi har bakin titi, ya ga mijin ƙanwarsa cikin riga kamar jemage. Ya buɗe baki, amma Dakta ya riga shi kama lasifika.

"Jama'a, yau za ku ga bambancin ilmi da lalube! Lamba ta ɗaya!"

Lauya ya matso. Dakta ya danna agogo, Dogo ya miƙa leda. "Daƙiƙa goma sha tara!" in ji Dakta. Aka ɗan tafa. Lauya ya buɗe leda ya zaro rigar makanike mai tabon baƙin mai, ya sake zarowa ya fito da 'yar rigar jariri mai hoton agwagwa.

"Ina baƙar rigata ta kotu? Jibi ina da shari'a!"

"Riga biyu ka kawo?"

"Biyu."

"Nawa ke hannunka?"

"Biyu, amma..."

"Lamba ta biyu!"

Direban tirela ne, ƙato wanda sai ya karkace yake shiga ƙofa. Ya zaro wando ya ɗaga, ko cinyarsa ɗaya ba za ta shiga ba. A bayansa wani siririn malamin makaranta ya zaro nasa, wando ne da za a zuba shi ciki har da iyalinsa.

"Ku kwantar da hankali," in ji Dakta. "In aka haɗa ƙugunka da na wannan bawan Allah aka raba biyu, kowannenku ya samu daidai da shi. A matsakaici ba wanda aka zalunta."

"A matsakaici zan sa wandon?" in ji direba, ya fara naɗe hannun riga.

Ana wata ga wata. Wata mata ta hango zanenta a hannun maƙwabciyarta, wadda dama ba sa ga maciji, ta ce, "Dama na daɗe ina zarginki!" Suka kama zane kowa na ja. Kocin 'yan ƙwallo ya ɗaga rigar yaransa yana tambaya da wace fuska za su shiga fili gobe. Wani tsoho ya samu ɗaya daga cikin kwat ɗin Dakta, ya saka, ya ga ta zauna masa, ya sulale ya yi gaba abinsa. Mutane suka daina jiran lamba, suka afka wa ledoji. Dakta na busa usur yana ihu, "Ku bi kibiya! Ku bi kibiya!"

Manajar ta ratsa taron. Ta taka har inda aka jera kayan otal, ta zaro zane ɗaya da yatsa biyu, ta warware shi a gaban Yaya.

"Wannan na otal ɗina ne, ko na ɗakin masu jego?"

Yaya ya dafa bango. Shekara ashirin ɗinsa ce a hannun matar nan, ta koma ruwan hoda. Ya ce a hankali, "Na ce masa dubawa kawai."

"Hajiya, bincike ya nuna..." in ji Dakta.

"Wane ne wannan?" ta tambayi Yaya, ba ta ko kalli Dakta ba.

"Mijin ƙanwata ne."

"Allah ya ba ta haƙuri."

Dakta ya ga in bai yi wani abu ba taron zai ƙwace. A gefen ƙofa akwai babban bahon sitati da aka dama tun safe, an rufe shi da katako. Ya tattare rigar digiri ya haye kan katakon don kowa ya gan shi, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Jama'a! Kowane sabon tsari yana da matakai huɗu! Abin da kuke gani yanzu shi ne mataki na..."

Katakon ya gaji. Ji kake tsulum! Dakta ya nutse har wuya, ƙafafu a sama, hular na yawo a kan sitati kamar ƙaramin jirgi. Wurin ya yi tsit na daƙiƙa ɗaya, sannan dariya ta ɓarke, har matan nan biyu suka saki zane suka dafa juna. Mai faci ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki. Direban tirela ya sa hannu ɗaya ya tsamo Dakta ta ƙeya, ya ɗora shi a kan benci a tsakiyar rana, ya ce, "Zauna nan. A matsakaici ka bushe."

Ana cikin haka sai ga babur ɗin haya ya tsaya. Matar Dakta ce ta sauko, a bayanta wani babur ɗin ɗauke da Baba Sitati. Tun da ta ga mijinta ya fita da rigar nan ta san inda ranar za ta faɗi, ta tafi har gidan tsohon ta roƙo shi.

Baba ya dubi tulin kayan da ke ƙasa, ya dubi kalmasar riga ɗaya ya ga an tsinke zarensa, ya girgiza kai. Ya sa aka kawo masa kujera ya zauna, ya ce kowa ya ajiye abin da ke hannunsa.

Ya ɗaga wando. "Direba, naka ne. Aljihun dama ya huje, nan kake sa makulli." Ya ɗaga riga. "Malam, ga taka, alli ya cinye bakin hannun." Ya jawo baƙar riga daga ƙarƙashin tawul. "Lauya, maɓalli na uku ba irin sauran ba ne, ni na ɗinka maka shi bara." Ya dubi matan nan biyu ya ce, "Zanen ba na ɗayarku ba ne. Na matar mai aski ne." Mai aski ya daina dariya ya zo ya karɓa.

Awa biyu ana haka, kaya na komawa hannun masu su ɗaya bayan ɗaya. Manajar ta ja kujera ta zauna tana kallo, har ta manta da agogonta. Da aka gama ta nuna zanen gadon ta ce, "Baba, waɗannan fa?"

"Jan bai kama sosai ba, 'yata. A jiƙa su da bilic yau, a ɗauraye sau uku, su sha rana gobe. Litinin da safe za ki same su fes."

"In na same su fes, zan sa hannu," ta ce wa Yaya. "Da sharaɗi biyu. Tsohon nan ya koma kantarsa. Wancan kuma," ta nuna benci da haɓa, "ko inuwarsa kada ta gifta ƙofar nan."

Sai a lokacin aka tuna da Dakta. Awa biyu yana zaune a rana ba wanda ya bi ta kansa, sitati ya yi aikinsa. Rigar digiri ta sandare ƙam, hannuwanta a buɗe kamar allon talla, gemunsa ya miƙe tsaye. Ya yunƙura zai tashi, rigar ta ƙi lanƙwasuwa. Sai da Dogo da mai guga suka kama shi ta hammata suka miƙar, yana ƙara ƙaƙas-ƙaƙas kamar busasshiyar fata.

Yaya ya zo ya tsaya a gabansa ya daɗe yana kallonsa. "Ka ce in na dawo ba zan gane wurin ba. Wallahi ka cika alkawari."

"Yaya, rahotona zai fayyace..."

"In ka kawo mini takarda, da ita zan haɗa ka in zuba a inji."

Aka rasa yadda za a sa shi a mota, don hannuwan rigar ba sa shiga ƙofa. Haka ya taka har gida a ƙafa, a karkace, matarsa na gaba tana riƙe da hular, jama'ar layi na ba shi hanya. Da ya zo daidai shagon aski, mai aski ya ce, "Dakta, a kawo dutsen guga ne, ko haka za ka sa ta?"

Kwana uku bai leƙa waje ba. Ranar Talata da la'asar yana zaune a gareji, yana tunanin yadda zai rubuta wa jami'a wasiƙa ba tare da ta yi kama da roƙo ba, sai ga wani mutum mai fara'a ya yi sallama, ɗauke da kwali guda na lemon kwalba. Matar ta fito ta tsaya a bakin ƙofa.

"Kai ne Dakta? Godiya na zo yi. Ni ne mai gidan wankin da ke bayan kasuwa. Shekara goma ina talla, ina raba takardu, ban taɓa ganin ciniki irin na makon jiya ba. Tun ranar da aka ga zanen nan a igiya mutane ke tururuwa wurina. Kayan da nake karɓa sun ninka uku."

Dakta ya gyara zama. Kujerar ta juya da shi kaɗan, ya dawo da ita.

Mutumin ya rage murya. "Akwai wani sabon gidan wanki da aka buɗe kusa da ni, yana neman ya dame ni. Na ce ko za ka je ka ba su shawara? Ko ta mako ɗaya ce. Duk abin da za a kashe, ni zan ɗauka."

Bayan ya tafi, Dakta ya yage wasiƙar jami'a, ya jawo sabuwar takarda, ya dubi matarsa da ido yana ƙyalli.

"Kin ji da kunnenki? Aikina na farko, cikin mako ɗaya, na ninka wa kamfani ciniki har sau uku. Wannan a saman takardar tallata zai hau, da manyan haruffa."

"Dakta, ai ba kamfanin da ya ɗauke ka ba ne."

Ya ciji bayan biro, sannan ya ci gaba da rubutu.

"Wannan sai a sa shi a ƙasan shafi," ya ce. "Da ƙanana. Ba mai karanta wurin."